Yadda ake tsara girkin gida daga cefane har zuwa ɗumame

Yawancin girkin da ke ɓaci a gida a wuri huɗu yake ɓaci: wurin awo, wurin wuta, wurin gishiri da wurin ajiya. Wanda ya kama waɗannan huɗun, ko kala biyar kacal ya iya dafawa zai ci abinci mai kyau kullum, kuma ba zai riƙa zubar da rabin tukunya ba. A nan za mu bi girki ɗaya na mutum huɗu tun daga farko: miyar tumatir, kaza, wake, shinkafa da ɗan ganye a gefe. An zaɓe su ne domin kowanne yana koyar da abin da zai yi maka amfani a sauran girke-girke.

Kayan aiki

Tukwane biyu sun isa a fara da su, babba mai cin lita 5 da ƙarama mai cin lita 2 ko 3. Abin dubawa wurin saye shi ne kaurin gindi da zaman murfi. Tukunya marar kauri tana tara zafi a daidai inda harshen wuta ke taɓa ta, shi ya sa tsakiya ke kamawa alhali gefe bai dahu ba. Murfi kuwa idan bai zauna daram ba, tururi zai riƙa tserewa, awon ruwanka ya tashi a banza.

Sai kasko mai faɗi, cokalin katako, ludayi, kwandon tsane ruwa, da wuƙa ɗaya mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, ta zame daga bayan tumatir ta faɗa wa yatsa. Katakon yanka a samu biyu, ɗaya na ɗanyen nama da kifi, ɗaya na kayan lambu. Idan yana zamewa a kan tebur, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa.

Ka ware kofi ɗaya ya zama ma'auninka. Kofin awo yana cin kimanin mililita 240 zuwa 250, babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali mililita 5. Ko wani kofi ne daban babu laifi, muddin da shi za ka auna shinkafa kuma da shi za ka auna ruwanta. Ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa a nama ba dole ba ne, amma shi kaɗai ke raba gardama a kan ko kaza ta dahu.

Cefane da awo

Kafin ka fita, ka buɗe firji da ma'ajiya ka ga abin da ya rage, sannan ka rubuta abin da za a ci na kwana uku ko huɗu. Tsarin mako guda cur yana da kyau a takarda, amma ganye da tumatir ba sa jira. Kayan da ke daɗewa, irin su shinkafa, wake, taliya, mai da albasa, a saye su da yawa. Masu saurin lalacewa a saye su daidai buƙata, kuma su za a fara dafawa.

Awon babban mutum ɗaya, kafin a dafa: shinkafa giram 75 zuwa 90, taliya giram 80 zuwa 100, busasshen wake giram 50 zuwa 60, nama giram 120 zuwa 150. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ban da dankali da danginsa masu sitaci. Ga girkinmu na mutum huɗu ana buƙatar kofi 2 na shinkafa, kofi 2 na wake, cinyoyin kaza kilo 1, tumatir kilo 1, manyan albasa 2, tattasai 2, tafarnuwa sala 4, ɗan citta da barkono. Waken da miyar za su yi saura, kuma da gangan ne.

Jerin ɗorawa

Abin da ya fi daɗewa a wuta shi ake fara ɗorawa. A jiƙa wake tun daren jiya. Yau a fara ɗora shi, sai a soya kaza, a haɗa miya, a ɗora shinkafa saura kamar minti 35 a ci, ganye kuma a minti 5 na ƙarshe. Kafin a kunna wuta a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a yanka duk abin yankawa, a jera shi kusa. Tafarnuwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya, ba za ta jira ka gama yankan tumatir ba. A fara yanka kayan lambu, nama ya zo ƙarshe, sannan a wanke wuƙa da katako da hannu.

Wake

A tsince shi, a wanke, a jiƙa cikin ruwa ninkinsa uku na awa 8 zuwa 12. Idan gari da zafi, a sa kwanon a firji don kada ya yi tsami. Wanda ya manta bai jiƙa ba ya tafasa shi minti 2, ya kashe wuta, ya rufe, ya bar shi awa ɗaya.

A zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo ya sha kan waken da kamar santimita 5. A bar shi ya ɓararraka sosai na minti 10, sannan a rage wuta, a ɗora murfi a karkace. Wannan tafasar ta farko wajibi ce ga jan wake mai siffar ƙoda, domin yana ɗauke da wata guba da ke sa amai da gudawa, kuma tafasa mai ƙarfi ce ke kashe ta. Dahuwa a ƙaramar wuta kaɗai ba ta wadatar ba. Daga nan zai ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi, gwargwadon irinsa. Idan ruwa ya ja, a ƙara tafasasshe. Alamar nuna ita ce ƙwaya ta murje tsakanin yatsu biyu ba tare da tauri a tsakiya ba.

Abu biyu ke hana wake laushi. Na farko tsami: idan aka zuba tumatir ko lemon tsami tun yana da tauri, ɓawonsa zai tsaya cak, don haka sai ya nuna ake haɗa shi da miya. Na biyu tsufa. Waken da ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi da laima, ko mai haƙurin dafa dutse sai ya gaji da shi. Gishiri da ake yawan ɗora wa laifi ba ya hana shi nuna, ana iya zuba ƙaramin cokali ɗaya tun a tsakiyar dahuwa.

Kaza, da abin da ke sa nama ya yi ja

Idan kazar daskararriya ce, a sauko da ita cikin firji tun jiya, a cikin kwano, a ƙasan komai don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abinci. Idan lokaci ya ƙure, a ɗaure ta a leda a nutsa cikin ruwan sanyi, ana canja ruwan duk minti 30. Kada a bar ta a kan tebur ta narke da kanta, domin samanta zai ɗumama ƙwayoyin cuta su fara hayayyafa tun cikinta na ƙanƙara.

Hukumomin kula da lafiyar abinci a Amurka da Birtaniya suna hana wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo. Ruwa ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, sai ma ya fantsama su kan kwanuka da tebur. Wuta ce ke kashe su. Wanda dole sai ya wanke saboda jini ko sauran gashi, ya yi a hankali cikin roba, ya zubar da ruwan ba tare da fantsama ba, ya wanke wurin da sabulu.

A tsane naman da takardar goge hannu har ya bushe. A barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da kayan ƙamshi, a bar shi minti 20 zuwa 30. A ɗora kasko a matsakaiciyar wuta mai ɗan ƙarfi, a bar shi ya yi zafi minti 2, a zuba babban cokali 2 na mai. Idan man ya fara sheƙi yana gudu a kaskon, ya yi. Idan yana hayaƙi, ya wuce, a sauke ya ɗan huce.

A jera cinyoyin fata a ƙasa, da tazara a tsakaninsu. Ya kamata ka ji ƙarar suya nan take. Daga nan ka janye hannunka na minti 5 zuwa 6. Nama yana kama kasko da farko, kuma yana sakin kansa idan ya yi ja. Wanda ya yi gaggawar juyawa shi ke barin fata a manne. A juya, a ba ɗaya gefen minti 3 zuwa 4, a kwashe. Cikinsa bai dahu ba tukuna, a miya zai ƙarasa.

Dalilin tsanewa da ba da tazara ɗaya ne. Jan da nama ke yi da ƙamshin da ke biyo shi suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, wanda masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Celsius. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai ruwa a kasko, naman tafasa yake yi. Idan aka cika kasko maƙil, zafinsa zai faɗi, naman ya saki ruwa, ya fito fari fat ba ƙamshi. Gara a soya kashi biyu.

Abin da ya manne a gindin kasko mai launin ƙasa-ƙasa kada a zubar. A zuba rabin kofi na ruwa, a kankare da cokalin katako, a juye a miya. Idan ya yi baƙi ƙirin kuwa, ɗaci kawai zai kawo.

Miyar tumatir

A zuba babban cokali 4 na mai a tukunya, matsakaiciyar wuta. A zuba yankakkiyar albasa da ɗan gishiri, ana juyawa lokaci-lokaci na minti 8 zuwa 10, har ta yi laushi gefenta ya fara ja. Nan ne mutane suka fi yin ha'inci, su ba ta minti 2 su wuce. Zaƙin da zai danne tsamin tumatir daga albasar nan yake fitowa. Idan gefenta yana baƙi tsakiyarta ɗanya, wuta ta yi yawa.

A zuba jajjagen tafarnuwa da citta, a juya daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, da zarar ƙamshi ya tashi. Busassun kayan ƙamshi ma yanzu ake zuba su, domin a mai suke sakin ƙamshinsu. Idan za a sa tumatirin gwangwani, babban cokali 2, a soya shi minti 2 har launinsa ya ƙara duhu.

Sai markaɗen tumatir, tattasai da barkono. Kada a cika ruwa wurin markaɗe, tumatir da kansa fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. A bar tukunya a buɗe, ko murfi a karkace don fallatsa, ta yi ta zabalbala minti 20 zuwa 25, ana juyawa har gindi duk minti 5. Alamu uku ke nuna ta soyu: mai ya taso yana kewaye gefe, launi ya tashi daga ja mai haske zuwa ja mai duhu, kuma idan ka ja cokali a gindin tukunya hanyar ba ta rufewa nan take. Miyar da ke tsinkewa a faranti, ruwa gefe tumatir gefe, ba ta kai wannan matakin ba aka sauke ta.

Yanzu a ɗebi kashi ɗaya cikin uku a ajiye don gobe. A sauran a zuba kaza da ruwan kaskon nan, a ƙara kofi ɗaya na ruwa, a rufe, a rage wuta, minti 20 zuwa 25. Kaza ta dahu idan ma'auni ya nuna digiri 74 a wurin da ya fi kauri, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga mafi girma har ƙashi: ruwan da zai fito ya zama garau, naman kuma ba sauran sheƙin ɗanye. Niƙaƙƙen nama yana son digiri 71, kifi digiri 63.

Shinkafa

A wanke ta sau 3 ko 4, ana cuɗawa a hankali, har ruwan ya daina fari sosai. Garin sitacin da ke jikinta ne ke sa ta danƙo. A tsane ta da kyau, domin ruwan da ya rage a jikinta ma yana shiga lissafi.

Ga farar shinkafa mai dogon ƙwaya, kofi 2 yana son ruwa kofi 3, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma idan aka ninka shinkafa ba a ninka ruwa daidai. Shinkafa tana shan kusan kwatankwacin awonta ne, sauran tururi ne ke tafiya da shi, kuma tururin da ke fita daga tukunya ɗaya ba ya ninkuwa don an ƙara shinkafa. Saboda haka kofi 4 ruwa kofi 5 zuwa 5 da rabi ya ishe shi. Wannan ne ya sa mutum kan iya dafa ta mutum biyu wara-wara, ranar da baƙi suka zo ta caɓe masa.

A haɗa shinkafa da ruwa da gishiri, a ɗora a wuta mai ƙarfi. Da ta tafasa a juya sau ɗaya, a rufe, a mai da wuta can ƙasa. Minti 15 zuwa 18, ba buɗewa, ba juyawa. Buɗewa yana sakin tururin da ke dafa ta sama, juyawa yana farfasa ƙwaya ya fito da sitaci. A kashe wuta a bar ta a rufe minti 10, sannan a barbaza ta da cokali mai yatsu. Wadda aka turara kafin a casa ta tana ɗaukar minti 20 zuwa 25 da ɗan ƙarin ruwa, mai launin ƙasa da ba a cire dusarta ba kuma minti 40 zuwa 45.

Idan ruwa ya ƙare tana da sauran tauri, a yayyafa babban cokali 3 ko 4 na ruwan zafi, a rufe, a ba ta minti 5. Idan ta nuna ga sauran ruwa, a buɗe a bar shi ya tsotse a ƙaramar wuta, ko a tsane ta a kwando. Idan ka ji ƙauri, ka sauke nan take, ka juye ta sama a wani kwano, kada cokali ya taɓa ƙanzon, domin da zarar an kankaro shi ƙaurin ya game ko'ina.

Ganye

Kabeji, karas da koren wake minti 4 zuwa 5 a kasko mai zafi da cokali ɗaya na mai sun ishe su, mai tauri ya fara shiga. Alayyafo minti 2. A sauke tun suna da launinsu, domin zafin jikinsu zai ci gaba da dafa su.

Gishiri da gyaran ɗanɗano

A sa gishiri kaɗan-kaɗan a matakai, a cike a ƙarshe bayan miya ta gama ja, saboda duk ruwan da ya ƙone gishirinsa yana nan a tukunya. Dunƙulen ɗanɗano ma galibinsa gishiri ne, a lissafa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kayan gwangwani.

Ka ɗanɗana da cokali mai tsabta bayan ya ɗan huce. Idan miya ta yi lami alhali gishiri ya ji, ɗigon lemon tsami take so. Idan tsami ya yi yawa, a ƙara mata minti 10 a wuta, in bai faɗa ba a sa sukari kan cokali. Idan gishiri ya yi zau, maganinsa ƙari ne: ruwa, markaɗen tumatir ko dafaffen wake marar gishiri. Jefa dankali a ciki bai cika yin wani tasiri ba, domin romon yake sha yadda yake, gishiri da ruwa tare. Yaji idan ya yi yawa, haka nan ake ƙara yawan miyar, ko a ci da shinkafa mai yawa.

Wuta da gas

Idan mai ya kama da wuta a kasko, a kashe murhu, a rufe da murfin ƙarfe, a bar shi har ya huce. Kada a kuskura a watsa ruwa: nan take zai zama tururi ya yi sama da man da ke ci. Kada kuma a ɗauki kaskon a nufi waje da shi. Idan aka ji warin gas, a rufe silinda, a buɗe tagogi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki. Ana gano inda yake zuba da ruwan sabulu, wurin zai yi kumfa. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama, idan ya koma rawaya yana baƙanta tukunya to kan murhun yana son wanki. Gawayi kuma ba a hura shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Ajiya da ɗumame

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce ba, tsakiyarta kan kwana da ɗumi ko a cikin firji. A rarraba abincin a ƙananan robobi masu faɗi, zurfinsa kada ya wuce santimita 5, kowace roba ta ɗauki abin da za a ci sau ɗaya. Ba sai ya yi sanyi ƙalau ba, da tururi ya daina tashi a rufe a sa. Firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza a digiri 18 ƙasa da sifili.

Miya, wake da kaza suna yin kwana 3 zuwa 4 a firji, a firiza kuma wata 2 zuwa 3 kafin ɗanɗanonsu ya fara gushewa. A bar ɗan sarari a saman roba domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, a rubuta kwanan wata a jiki. Idan wutar lantarki ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, wadda ke rabi awa 24.

Shinkafa ta fi kowanne son kulawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga tafasa, idan shinkafa ta daɗe da ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. A baza shinkafar a faranti ta huce, ta shiga firji cikin awa ɗaya, a ci washegari. Wari da kamanni ba sa nuna wannan matsalar, don haka shinkafar da ta kwana a waje a zubar da ita ko da ba ta canja ba.

Wurin ɗumame a ɗebi abin da za a ci kawai, sau ɗaya ake ɗumama abinci. Miya ta tafasa sosai, kaza ta yi zafi har ƙashi. Shinkafa a yayyafa mata babban cokali 2 na ruwa ga kowane kofi, a rufe, har tururi ya ratsa ta ko'ina. Miyar nan da aka ware, gobe a tafasa lita 4 na ruwa da gishiri, a zuba taliya giram 400, a tsane ta saura minti ɗaya ta nuna, a ƙarasa ta cikin miyar da rabin kofi na ruwan dahuwarta. Jibi a juye sauran waken a miyar da ta rage, a yi gurabu da cokali, a fasa ƙwai 4 a ciki, a rufe minti 6 zuwa 8 har farin da gwaiduwar su kama.